Hannun Baba Félix

Baba Félix, wan mahaifina, shi ya riƙe ni tun dawowarsa Dogon Dutsi daga yaƙin da Faransa ta yi a Indoshin, can Asiya. Rannan yana gyaran rumbu, na yi ƙarfin hali.

"Baba, wa ya kashe mahaifina?"

Ya ajiye aikin, ya dube ni.

"Angèle, a barikin Faransa ni da shi mun buga wata ƙwallo mai siffar ƙwai. A wasan ba a jefa ta gaba, sai baya. Ran da gurneti ya faɗo raminmu a fagen yaƙi, na cafe shi. Kafin in yi tunani, hannuna ya jefa baya."

"Wa ke bayanka?"

"Wanda ya saba tsayawa can, ɗiyata. Ubanki."