Ɓawon Lemun Tsami a Kujerar Baba

Da la'asar ne, a gidanmu na Gwandu. Baba ya fito da buhu, ya ce yau sai ya kai magen Kaka can garin Kalgo ya yar, don ta sake yage masa kujerar kushin.

Kaka ta duƙa tana duban wurin. Dama ita ce ta goge kujerar da ɓawon lemun tsami, ta kafa wa magen guntun itace mai ƙarnin kifi, inda take wasa farcenta. Tsagar guda ɗaya ce, miƙaƙƙiya.

"Mage ba ta raɓar lemun tsami," in ji ta. "Ku miƙo hannu."

Ta shinshina namu, mu yara. Sai ta juya ga Baba, ɗanta na fari, wanda don kunya ko sunansa ba ta kira. Ta kama hannunsa ta kai hanci.

Hannun sai ƙamshin lemun tsami yake. Buhun kawai ta karɓa ta ninke.

Ban taɓa tambayarsa ba. Amma har yau, in aka ce mini mage ta yi ɓarna, hannun mai ƙarar nake fara kallo.