Muryar Tsohon Maƙeri a Cikin Kati

Tunda ka zo kana yi mini kurin sabuwar na'urarka, wai sautinta ba irin na gama-gari ba ne, zauna in ba ka misali, don abin nan yana ƙona mini rai.

An yi wani maƙeri da mahaifinsa ya tsufa tukuf, kuma tsohon kaɗai ya rage da ya san kirarin gidansu, wanda ake jero kakanni a cikinsa tun daga wanda ya fara hura wuta a maƙerar. Tsohon ya ce numfashinsa ba zai kai ya yi shi sau biyu ba, a shirya. Maƙerin ya tafi birni, wani ɗan kasuwa mai zaƙin baki ya sayar masa da na'urar ɗaukar murya da hoto, ya ce ko haɗiyar yawu tana kamawa. Abin da ya ɓoye masa shi ne masu ƙera ta sun ƙirƙiro nasu salon naɗar sauti sun kulle, babu abin da ke karanta shi sai kayansu. Ranar ɗauka ƙanwar maƙerin ta ɗaga 'yar wayarta ita ma, sai ya daka mata tsawa, wai muryar babansu ta fi ƙarfin salon da kowane mai tura waƙa a bakin kasuwa ke buɗewa. Ka ji fa. Mutumin da ya tashi yana ganin ubansa na ƙera ruwan fartanya yadda zai zauna a kowace ƙota, shi ne yau yake ƙyamar abin da kowa ke iya buɗewa.

Da damina tsohon ya rasu. Ba a jima ba na'urar ta suɓuce ta faɗa kaskon ruwan da ake tsoma jan ƙarfe, ta mutu murus. Maƙerin bai damu ba, tunda katin da ke cikinta ya fito lafiya lau. Ya sa shi a wayarsa, ta nuna sunan abin ta ƙi buɗewa. Ya bi shagunan masu gyara ɗaya bayan ɗaya, kowa ya gwada ya girgiza kai. Ya koma wurin ɗan kasuwar, shi ko kunya babu ya ce an daina yayin wancan salon, sabuwar na'urar ba ta karanta shi, kuma masu shi ba su yarje wa kowa ya yi abin buɗe shi ba. "Katin naka ne, maigida," in ji shi, "mabuɗin ne ba naka ba." Ni ban san sunan wannan ba in ba zalunci ba: ka riƙe muryar ubanka a tafin hannunka, wani da bai taɓa ganinsa ba ya hana ka ji.

Abin da ya rage wa gidan shi ne ɗan guntun da wayar ƙanwar ta kama kafin a hana ta: sunan kaka na farko, tarin tsohon, kukan akuya, sai muryar maƙerin kansa yana cewa, "Sauke wayar nan!" Wannan kam kowace waya a garin tana buɗe shi. Jikoki sun haddace shi tsaf, har da tsawar, kuma a gaban maƙerin suke maimaitawa.

Kafin ka ɗauki wani abu da taka na'urar, tambayi wa ke riƙe da mabuɗin. Hausawa sun riga sun faɗa: guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.