Kalmar Bana

Tun da na'urori suka karɓi aikin juya rini, manhaja ɗaya ce ta san halin shuni, wadda Hajiya Tabawa ta rubuta wa marina arba'in da suka rage. Ko ranar Sallah rijiyar rini ta rikice, da ƙafarta take zuwa ta gyara. Kuɗi kuwa ba ta karɓa. Farashinta kalma ɗaya ce duk shekara, kowane marini ya kawo kalmar sana'a da na'urar manhajar ba ta taɓa ji ba.

Ranar biya Malam Barau marini ya gaishe ta, ya ce, "Hajiya, kalmar da na kawo ita ce katsi, wato guiɓin ƙasan rijiyar rini."

"Na'urar ta san shi, Malam. Da shi wani ya biya bara."

Sai ya ce, "Marigayi mahaifina in ya ɗanɗana ruwan rini ya ji ya nuna, cewa yake rijiya ta yi sallama."

Na'urar ta maimaita, da muryar marigayin sak.

"Ka biya," in ji Hajiya. "Gyaran bana a wuyana."

Ya fito yana sa mata albarka, yana laluben abin da zai kawo baɗi. Kalma ta ƙarshe ke nan da ta rage masa cikin waɗanda ya gada wurin mahaifinsa.