Jinin da Ya Ƙi Tsayawa

"Likita, yau kwana ashirin jinin bai tsaya ba," na faɗa, kaina a sunkuye. Ba maganar uba ba ce, na sani. Amma matata Ma'u ta ƙi buɗe baki, ɗiyarmu Ramla kuma ta rufe fuska da mayafi.

Shekararta biyu da aure a Ƙofar 'Yandaka, ko ɓari ba ta taɓa yi ba. Dangin miji sun fara ƙus-ƙus. Ni kuwa hankalina ya tashi, don na ji an ce irin wannan jini alamar ƙari ce a mahaifa, mai hana haihuwa.

Likitar ta duba hoton cikin, ta yi murmushi. "Malam Tanko, kwantar da hankalinka. Ƙari kan jawo haka, amma mahaifarta lafiya lau." Ta taɓa dantsen Ramla. "Robar tazarar haihuwa ce a nan. Wasu takan tsawaita masu al'ada. In aka cire, za ta iya ɗaukar ciki."

"Roba? Ke da wa?"

"Ni da maigidana muka shawarta, Baba. Sai na gama makaranta."

Murna ta sa Ma'u ta manta ina wurin. "Au, ashe ita ce! Ki yi haƙuri, ni ma haka ta yi mani wata ukun farko."

Na juya na dubi Ma'u.

Shekara huɗu ke nan ina sayen saiwa mai ɗaci a Babbar Kasuwa ina sha a ɓoye, ina zaton daga gare ni ne haihuwa ta tsaya.