Kumbar Yaya Abdulnasir

Ranar Laraba, goma sha biyu ga Fabrairu, da ƙarfe goma da kwata na safe, Kalilu ya wuce da tafin hannunsa ƙarƙashin fitilar akwatin gilashin, kumbar ba ta motsa ba. Da lafiyarta ƙalau, inuwa kaɗan ke sa ta rufe baki.

Ƙatuwar kumbar teku ce, ta kusa faranti girma, namanta shuɗi mai ɗigon zinariya. Yayansa Abdulnasir ya rene ta a falon gidansu da ke unguwar Akurba, cikin ruwan da yake haɗawa da gishiri na musamman. Kafin ya tafi Umara ya damƙa masa ita, ya ja masa kunne: kada famfon da ke juya ruwan ya tsaya, kada kuma tagulla ta taɓa ruwan ko da ɗan silin waya ne, domin guba ce a wurinta. Jibi Juma'a zai sauka.

Kalilu ya yi iyakar ƙoƙarinsa. Ya auna gishirin ya same shi daidai. Ya daina yarda da ruwan burtsatse, ya koma sayen na gora. Janareta kuwa bai huta ba, har maƙwabta suka yi ƙorafi. Duk da haka launinta kullum ƙara koɗewa yake.

Sai zarginsa ya koma kan turaren wutar matarsa.

"Zaituna, hayaƙinki ne ke kashe ta. Ki fitar da kaskon nan."

"To, Malam likitan kifi! Yaya ma yana nan nake turaren, ba ta mutu ba."

Ya daka mata tsawar da bai taɓa yi ba. Tun ranar ba ta sake zama a falon ba.

Mahaifiyarsu, Inna Kolo, ita kaɗai ce ba ta tayar da hankali ba. Ta ce ita ta san ciwon. A walimar rakiyar Abdulnasir baƙi sun yi cincirindo a gaban gilashin suna ta yabo, babu wanda ya ce tubarkalla.

"Kambun baka ne, ɗana," ta ce tana shafa wuyan hannunta, inda fatar ta fi haske. "Amma kwantar da hankalinka. Tun a yammacin nan na yi mata abin da na yi maka kana jariri."

Ya ɗauka addu'a take nufi, ya ce ta ƙara.

Da azahar ɗin Larabar ya canza rabin ruwan. Ya kira wani mai sayar da kifin ado a Legas, wayar ba ta shiga ba. Ya durƙusa ya manna goshinsa a gilashin yana roƙonta kamar mutum: ta daure zuwa jibi, jibi kawai.

Bayan la'asar bakinta ya wangale, naman ya saki daga ɓawon, wari ya taso. Kalilu ya naɗe hannun riga, ya zura hannuwa biyu ya ɗago ta, hawaye na sauka cikin ruwan.

A ramin yashin da ta tashi daga kai, munduwar tagullar Inna Kolo ce a binne, ta yi kore shar.