Ɓarauniyar Man Shafawa

"A ina kika samo wannan man?" Tsohon ya fizge hannunsa yana shinshinawa.

Matar da ke jinyarsa ta jawo kwalbar man. Ta ƙara ɗiga man furen lavenda mai ƙamshi a cikin man kwakwa, ta murza a tafin hannunta har ya yi ɗumi.

"Haɗin matata ne wannan! Ita kaɗai ke sa ɗan kanumfari a ciki, don ta san ba na iya barci sai da shi. Sata kika yi!"

"Ka yi haƙuri, Malam. Miƙo ƙafar."

Ya miƙa yana ƙunƙuni. Tana shafa masa diddigen da ya tsattsage, muryarsa tana yin laushi.

"Da kin ga matata, da kin raina kanki. Hannunta kamar auduga. Amma tun da na kwanta ciwo ko leƙo ni ba ta yi ba." Hawaye ya gangaro masa. "Me na yi mata?"

Ta ci gaba da murzawa har barci ya ɗauke shi. Ta rufe kwalbar, ta fito.

'Yarsa na tsaye a bakin ƙofa, idanunta sun yi jajir.

"Mama, don Allah ki daina shafa masa man nan. Kullum sai ya kira ki ɓarauniya."

Matar ta share fuskarta da gefen mayafi.

"Ya manta fuskata, ya manta muryata. Ƙamshin nan kaɗai ya rage masa. In na daina, da me zai tuna ni?"