Raɗin Suna a Bengaluru

Ku yi haƙuri da karambanina, labarina na farko ke nan.

Kwana uku wakilan kamfanoni biyu suna rigima kan sunan sabon harshen kwamfuta, kowa nasa yake so.

"Yallaɓai Kulkarni, shayin da kake sha ma mu muka saya," in ji Raghavan, wakilin ɗaya kamfanin.

"Shi ya sa ya yi salam."

Sowmya, mai tsara daftarin harshen, ta taɓe baki. Manyan banza, ko shafin farko ba su buɗe ba. A ƙa'idarsu, in ƙarfe biyar ta yi a rana ta uku ba a daidaita ba, sunan da ke daftarin ya zauna.

Biyar ta buga. Sowmya ta sulale gida. Chikku, kyanwar da ta ari sunanta ta cike gurbin sunan harshen a daftarin, tana jiran madara.